Laifin Wa? Tarihin Neman Abin da Ke Kawo Otizim

'Yan uwa, duk gidan da likita ya ce yaronsu yana da otizim, tambayar farko da ke fitowa ita ce: me ya kawo shi? Ta biyun ba a cika faɗinta da ƙarfi ba, amma ita ce ke hana barci: laifin wa? Sau da yawa kuma, kafin likita ya gama bayani, dangi sun riga sun ba da amsa, idon kowa ya koma kan uwa.

Gidajen rediyonmu suna kiran abin galahanga. Sai dai kalmar ta yi faɗi, ana jibga mata duk yaron da ya fita daban, shi ya sa zan riƙe otizim yadda muke cewa a asibiti. Yaro ne da za a kira sunansa ya ƙi juyowa alhali kunnensa ƙalau. Ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, magana ta yi jinkiri ko ta zo ta koma, yana son komai ya tafi yadda ya saba, wata ƙara ƙarama ta firgita shi. Wani har ya girma ba zai yi magana ba, wani kuwa injiniya zai zama. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 ne, a nan Faransa ana maganar mutum wajen 700,000, kuma an fi gano shi ga maza sau uku zuwa huɗu.

A gida muna da namu bayanin. A ce ɗan ruwa ne, aljanu sun musanya shi. A ce uwar ta fita da tsakar rana ko da almuru tana da ciki, ko ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla, ko kambun baka ne ya kama shi. Wanda ya zo Turai yakan ɗauka su nan ba su taɓa yin irin wannan ba. To sun yi, har ma da digiri. Tarihin da zan ba ku ke nan.

Yaron daji

A watan Janairun 1800 aka kama wani yaro mai kimanin shekara 12 a yankin Aveyron, kudancin Faransa, tsirara, ba ya magana, ya daɗe yana rayuwa a daji. Aka kai shi Faris. Babban likitan masu taɓin hankali na lokacin, Philippe Pinel, ya duba shi ya ce haka aka haife shi, ba abin da za a iya yi. Wani matashin likita, Jean Itard, ya ce a'a, rashin mutane ne ya mai da shi haka, in aka koya masa zai koya. Ya raɗa masa suna Victor, ya yi kusan shekara biyar yana fama da shi. Victor ya koyi sa tufafi, ya gane wasu rubutattun kalmomi, amma bakinsa bai buɗe ba. Wata mata, Madam Guérin, ita ta riƙe shi har ya mutu a 1828. Masana da dama a yau suna ganin otizim ne ya sa aka yar da yaron tun farko. Gardamar Pinel da Itard kuwa, da shi aka haife shi ko riƙo ne ya jawo, ita aka ci gaba da yi har shekara ɗari biyu.

Kalmar kanta wani likitan Siwizalan, Eugen Bleuler, ya ƙirƙiro ta a 1911, yana nufin yadda wasu manya masu taɓin hankali ke janyewa cikin kansu. A 1925 wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta rubuta bayanin yara maza shida da ya yi daidai da abin da muka sani yau, amma duniya ba ta waiwaye ta ba. Sai a 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya fitar da bayanin yara 11, maza takwas mata uku. Bayan shekara guda Hans Asperger ya fitar da nasa a Biyana.

Kanner ya faɗi abu biyu da suka saɓa wa juna. Ya ce da alama yaran da halin suka zo duniya. Ya kuma ce ya lura iyayensu masu ilimi ne, marasa sakin fuska, har a 1949 ya kwatanta renon yaran da ajiya cikin firiji. Bai tsaya ya duba cewa masu ilimi da kuɗi ne kaɗai ke iya ɗauko yaro daga nesa su kawo wa babban likita ba. Duniya ta bar magana ta farko ta riƙe ta biyun, aka samu laƙabin uwa mai sanyin firiji.

Zamanin da uwa ta zama cutar

Wanda ya ɗauki wannan magana ya yayata ta shi ne Bruno Bettelheim, ɗan Biyana da ya yi zaman sansanonin 'yan Nazi na Dachau da Buchenwald kafin ya tsira zuwa Amurka. Ba likita ba ne, amma ya shugabanci wata makarantar yara a Shikago. A littafinsa na 1967 ya kwatanta yaro mai otizim da fursunan sansani, ya ce yaron ya rufe kansa ne don ya ji a jikinsa cewa uwarsa ba ta so ya rayu. Magani a wurinsa shi ne a raba yaro da iyaye. Bayan mutuwarsa a 1990 wasu da suka yi zaman makarantar suka fito suka ce dukansu yake yi.

A Amurka an fara ture wannan ra'ayi da wuri. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da otizim, ya fitar da littafi a 1964 yana kawo hujjar cewa abin a ƙwaƙwalwa yake, ya kuma haɗa iyaye suka kafa ƙungiya a 1965. A 1969 Kanner da kansa ya tsaya gaban taron iyayen ya wanke su daga laifi.

Faransa kuwa a daidai lokacin ta buɗe wa Bettelheim ƙofa. An fassara littafinsa a 1969 da sunan La Forteresse vide, wato ganuwar da ba kowa a ciki, kuma a 1974 talabijin ta ƙasa ta nuna jerin shirye-shirye a kansa. Likitocin ƙwaƙwalwa na yara a nan yawancinsu almajiran Freud da Lacan ne, masu neman tushen kowace damuwa a dangantakar yaro da uwarsa. Sai ya zama uwa ta kawo yaro ba ya magana, a zaunar da ita a tambaye ta ko ta so cikin, ko mafarkin me take yi. Yaron a ajiye shi asibitin yini ana jiran ranar da sha'awar magana za ta zo masa, lakwal kuwa babu. Akwai waɗanda suka ƙi bin wannan layi, irin su Gilbert Lelord da Catherine Barthélémy a garin Tours, da suka dage kan binciken ƙwaƙwalwa, amma muryarsu ba ta kai ta sauran ba.

Iyaye ne suka karya abin, a hankali. Sun kafa Autisme France a 1989. A Disambar 1996 aka yi dokar da ta amince otizim naƙasa ce mai buƙatar tallafi da ilimi, dokar da ke ɗauke da sunan Jean-François Chossy, ɗan majalisa daga Loire, nan maƙwabtanmu. A 2004 Majalisar Turai ta samu Faransa da laifin tauye wa waɗannan yara haƙƙin karatu, a lokacin da iyalai da yawa ke kai 'ya'yansu Beljiyam don rashin wuri. A 2011 wata mai shirya fim, Sophie Robert, ta fitar da Le Mur, inda aka ga wata ƙwararriya riƙe da kada na roba tana cewa bakinsa shi ne uwa. Kotu a Lille ta hana nuna fim ɗin a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage hanin a 2014. A Maris 2012 ne babbar hukumar lafiya, HAS, ta ƙi sa hanyar almajiran Freud cikin hanyoyin da take ba da shawara a bi, ta ce a koma ga koyar da yaro da wuri, tare da iyayensa.

Ku duba shekarun nan da kyau. Ba zamanin kakanni ba ne, ina cikin aiki aka yi wasu. Har yau uwa na iya cin karo da wanda ya yi karatu a wancan zamani. In kuma baƙuwa ce, sai a ƙara mata da cewa kewar gida ce ta sa ta kasa jan yaron a jiki.

Abin da tagwaye suka nuna

Gardamar ba da baki aka kashe ta ba, da ƙidaya ne. A 1977 a Ingila, Susan Folstein da Michael Rutter suka nemo tagwaye 21 waɗanda aƙalla ɗaya ke da otizim. Cikin tagwaye 11 na ƙwai ɗaya, masu gado iri ɗaya sak, an samu huɗu da duka biyun ke da shi. Cikin 10 na ƙwai biyu ba a samu ko ɗaya ba. Uwa ɗaya, nono ɗaya, ɗaki ɗaya. Da sanyin uwa ne, ai da bai tsallake wani ya kama wani ba. Bincike ya yi ta maimaita wannan, har a 2019 aka haɗa bayanan yara miliyan biyu daga Danmak, Finlan, Suwidin, Isira'ila da yammacin Ostareliya, aka samu cewa kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin haɗarin daga gado yake.

A Faris aka fara kama wasu daga ƙwayoyin gadon da hannu. A 2003 Thomas Bourgeron na Cibiyar Pasteur da abokan aikinsa suka gano canji a ƙwayoyi biyu masu gina mahaɗar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke gaisawa da juna, a 2007 suka ƙara da wata mai suna SHANK3. Zuwa 2020 an lissafa sama da 100. Ke nan otizim ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Ga yawancin yara, ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance ne da kowannenmu ke ɗauke da wasu, daga wajen uwa da wajen uba, suka taru wuri ɗaya. Ga wasu kuwa sabon canji ne da ya faru a ƙwan uwa ko maniyyin uba, wanda babu shi a jikin iyayen.

Wannan na biyun ya kamata maza su ji shi. Wani bincike a Aislan a 2012 ya nuna duk shekarar da uba ya ƙara, ana samun ƙarin sababbin canje-canje kusan biyu a gadon da yake ba ɗansa, kuma an daɗe da ganin haɗarin yana ɗan ƙaruwa in uba ya manyanta, haka ma uwa. Ba don a ɗauke laifi daga kan Hajiya a ɗora wa Alhaji na faɗa ba, yawancin 'ya'yan dattawa lafiyarsu lau. Na faɗa ne don mai shirin ƙaro aure saboda wai matarsa ce ke haifar irin waɗannan yara ya san cewa rabin gadon nasa ne, kuma da shi zai shiga ɗakin amarya. Auren zumunci ma ana tambayata. Yana ƙara yiwuwar wasu cututtukan gado da ba a cika gani ba, wasunsu na zuwa da otizim, amma yawancin masu otizim a duniya iyayensu ba dangin juna ba ne. Abin da ya fi amfani a sani shi ne, in yaro ɗaya na da shi, kusan ƙane 1 cikin 5 na iya samu, don haka a sa wa na baya ido da wuri.

Allura, da dalilin da ya sa muke tsoro

A Fabrairun 1998 wani likita a Landan, Andrew Wakefield, ya fitar da rahoto kan yara 12 a mujallar The Lancet, ya jefa zargi kan allurar ƙyanda da hangum da rubela, wadda ake kira ROR a nan. Ɗan jarida Brian Deer ya tono cewa lauyoyin da ke shirin ƙarar kamfanonin allura suna biyan Wakefield, kuma an murɗe bayanan yaran. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke masa izinin aikin likita. Danmak ta bi yara sama da 537,000 a 2002, ta sake bin sama da 657,000 a 2019, ba a ga bambanci tsakanin wanda aka yi wa allurar da wanda ba a yi wa ba. A Yokohama ta Jafan an daina wannan allura a 1993, adadin masu otizim bai fasa hawa ba.

Me ya sa zancen ya ƙi mutuwa? Domin ana yin allurar ne da wata 12, a sake kafin wata 18, daidai lokacin da ake jiran yaro ya fara magana. Uwa ta ga allura jiya, ta ga shiru yau, dole zuciya ta haɗa su. Amma likitocin Tours da suka zauna suka kalli finafinan gida da iyaye suka ɗauka sun ga alamun tun cikin shekarar farko, kafin allurar.

Mu kuma muna da namu tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara 200, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da wannan tsoro aka dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. 'Yan uwanmu Somaliyawa na Minnesota su ma sun sha wannan. Sun ga otizim a 'ya'yansu, Wakefield ya je har wurinsu ya yi musu jawabi, masu karɓar allurar ƙyanda suka faɗo daga kashi 92 zuwa 42 cikin shekara goma. A 2017 ƙyanda ta kama sama da mutum 70, yawancinsu yaran Somaliyawa. Otizim kuwa bai ragu ba.

Abin da zai ba ku mamaki, rubela ɗin da allurar ke karewa tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo otizim. Bayan annobar 1964 a Amurka, likita Stella Chess ta bi yara 243 da uwayensu suka kamu da ita suna da ciki, ta samu otizim a cikinsu fiye da na sauran yara nesa ba kusa ba.

Maganin da zarginsa ya tabbata

Kada a ce duk zargin magani ƙarya ne. Akwai Dépakine, maganin farfaɗiya da ake sayarwa a Faransa tun 1967. A nan Liyon aka fara kaɗa ƙararrawa: a 1982 likita Elisabeth Robert, mai riƙe da rajistar jariran da aka haifa da naƙasa a yankin Rhône-Alpes, ta lura cewa buɗaɗɗen ƙashin baya ya yi yawa ga 'ya'yan matan da ke shan sa. Daga baya aka gano kusan jariri 1 cikin 10 na fitowa da naƙasar jiki, kuma kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na samun matsalar girman ƙwaƙwalwa, ciki har da otizim. An daɗe ba a gaya wa mata ba. Wata uwa, Marine Martin, ta kafa ƙungiyar APESAC a 2011, hukumomi suka ƙiyasta a 2018 cewa yara 16,600 zuwa 30,400 abin ya shafa, kuma a Janairun 2022 kotu a Faris ta samu kamfanin Sanofi da laifin rashin faɗakarwa.

Ku ga bambancin. Zargin allura an ƙirga, an sake ƙirgawa, ba a samu komai ba. Zargin Dépakine duk ƙasar da ta ƙirga sai ta same shi. Kuma ko a nan ɗin, matar da ta sha maganin da likita ya rubuta mata don kada ta faɗi da ciki, ina laifinta? 'Yar uwa, in kina shan sa kada ki daina da kanki, farfaɗiya na kisa. Ki ga likita tun kafin ciki ya shiga. Masu aika magunguna gida kuma, ku tambayi wa zai sha.

Farasitamol, wato Doliprane ɗinmu na kullum, shi ma ya shiga layi. A 22 ga Satumban 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya ce masu ciki su guje shi. Sai dai a 2024 Suwidin ta duba yara kusan miliyan biyu da rabi, ta kwatanta 'yan ɗaki ɗaya, wanda aka sha maganin da cikinsa da wanda ba a sha ba, ba ta ga bambanci ba. Hukumomin magani na Turai da Hukumar Lafiya ta Duniya ba su canja shawararsu ba. Zazzaɓi mai zafi da aka bari ba magani shi kansa haɗari ne ga ciki.

Sauran abubuwan da aka ga suna ƙara haɗarin duk kafin haihuwa ne ko wajen haihuwa: bakwaini sosai, jariri ya rasa iska wajen fitowa, ciwon sukari lokacin ciki. A Nowe kuma, cikin yara wajen 85,000, an ga ƙarancin otizim ga waɗanda uwayensu suka sha ƙwayar folik asid tun kafin ciki da farkonsa.

Hayaƙi, waya da harshe

Mu mazauna Saint-Fons muna da tambayar da ta fi damunmu. Garin nan masana'antun sinadarai ne suka gina shi, sama da shekara ɗari ana yin asfirin a nan, ga matatar man Feyzin da ta yi gobara a Janairun 1966 ta ci rai 18, ga babbar hanyar A7 da motoci ba sa yankewa. Ko hayaƙin ne? Wasu bincike a Amurka sun ga 'yar alaƙa tsakanin gurɓatacciyar iska lokacin ciki da otizim, wani babban bincike da ya haɗa ƙasashen Turai huɗu a 2016 bai gani ba. In ma akwai, ƙarama ce in aka gwada da gado. Fuka da ciwon zuciya sun ishe mu dalilin neman iska mai tsabta.

Wasu kuma cewa suke ciwon Turai ne, a gida babu. Somaliyawan Suwidin har suna kiransa ciwon Suwidin. Amma tun 1978 Victor Lotter ya zaga ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Gana, ya samu yara masu otizim. Wanda ya girma a Maradi ko Katsina ya tuna: kowace unguwa akwai yaron da ake ce wa wawa ko mai iska, wani a ɗaure a ƙuryar ɗaki. Suna ne ba a ba shi ba. Hawan adadi ma yawancinsa daga nan yake. A 1966 Lotter ya ƙirga 4 zuwa 5 cikin 10,000 a Ingila, da ma'auni mai tsauri. Daga baya Lorna Wing ta nuna abin hawa-hawa ne, aka faɗaɗa ma'aunin, aka koya wa likitoci da malamai ganewa. Amurka ta tashi daga 1 cikin 150 a 2000 zuwa 1 cikin 31 a rahoton 2025.

Waya da talabijin fa? Yaron da aka bar wa allo yini guda maganarsa na iya jinkiri, shi ya sa littafin lafiyar yaro ya ce a guje shi kafin shekara uku. Amma ba a nuna allo na haifar da otizim ba, sau da yawa ma yaron da ke da shi ne ke maƙale wa allon don ya fi masa mutane sauƙi.

Sai harshe, wanda ya fi ci mini rai. Na san wata 'yar uwa da aka ce wa ta daina yi wa ɗanta Hausa, wai harshe biyu ne ya rikita shi. Ta koma yi masa guntun Faransancin da ita kanta ba ta sake da shi ba, waƙar reno ta tsaya, wasa ya tsaya, in kakarsa ta kira a waya ba abin da yake ganewa. A can gida kuma uwar miji na turo saƙon murya cewa a maido shi a yi masa ruƙiyya, ai tun farko ita ba ta yarda da yawon da uwar ta yi da ciki ba. Bature ya ce harshenta, suruka ta ce ƙafarta. Binciken da aka yi kan yara masu otizim da ke tashi da harshe biyu bai nuna yana ƙara musu jinkiri ba. Ki yi wa ɗanki harshen da kike dariya da shi.

Abin da tarihin ya bar mana

Neman mai laifi yana da tsada, kuma yaro ne ke biya. Faransa ta yi shekaru tana binciken zuciyar uwaye, yaran suka girma ba karatu. Mu ma in muka yi shekara biyu tsakanin musu, ɓoyo da jiran ai babansa ma bai yi magana da wuri ba, mun cinye lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyo. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a yi duka biyun. Abin da ba shi da wuri shi ne duka, ɗauri da turaren da ke shaƙe yaro.

Alamun da hukumar lafiya ta ce a kula da su ba su da wuya: wata 12 ba gwaranci ba nuni da yatsa, wata 18 ba kalma, wata 24 ba ya haɗa kalma biyu, ko kuma ya rasa abin da ya riga ya iya, ko a wane wata ne. A gaya wa likitan yaro ko na PMI. Tun 2019 akwai tsarin PCO da ke biyan kuɗin gwaji da fara taimako ba sai an jira tabbacin sunan ciwon ba. Mu na yankin Liyon muna da cibiyar otizim ta yanki a asibitin Vinatier da ke Bron, takardun tallafi da na mai taimaka wa yaro a lakwal kuma ta MDPH ake bi. Layin yana da tsawo, shi ya sa ake shiga da wuri. Maigida, ka raka ta, kada ka bar mata takardun da tambayoyin ita kaɗai.

Yaro na farko a jerin Kanner sunansa Donald Triplett, daga wani ƙaramin gari mai suna Forest a Misisifi. An kai shi gidan ajiye yara yana ɗan shekara uku, bayan shekara guda iyayensa suka je suka ɗauko abinsu. Ya yi karatu har kwaleji, ya yi aiki a bankin garinsu, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, mutanen garin suka riƙe shi nasu ne. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89, da otizim ɗinsa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu reno haƙuri da mataimaka.